Kiranyen Kwalba: Yadda Ake Mayar Da Abin Da Aka Riga Aka Cinye

Kiranye iri uku ne, kuma ya kamata ka bambance su tun kafin mu shiga kicin. Akwai na gargajiya, wanda ake yi wa mutumin da ya tafi ci-rani ya manta hanyar gida. Akwai na siyasa, wanda sashe na 69 na tsarin mulkin 1999 ya tanada, inda sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓa sun sa hannu kafin a fara maganar dawo da sanata. Na uku shi ne na kwalba. Shi ne wanda kamfani ko hukuma kan yi idan an gano matsala a cikin abin da aka riga aka sayar, a ce duk wanda ke da shi ya daina ci, ya dawo da shi. Ɗan ci-rani yana da ƙafa, sanata yana da mota. Kwalba ba ta da ko ɗaya, saboda haka kai ne ƙafarta.

Kwalbar da za mu yi darasi a kanta ita ce ta farin kirim ɗin nan mai kauri da ake zubawa a kan salak. A unguwar Daurawa ta Kano duk wani farin abu mai kauri da ya zo a kwalba bama ake ce masa, ko wane kamfani ya yi shi, kamar yadda kowane garin sabulu omo ne. Don kada mu ɗora wa wani laifin da bai yi ba, kirim za mu riƙa ce masa. Darasin kuma shiri ne, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

A cikin kwalbar akwai mai, da gwaiduwar ƙwai, da ruwan kal, da sukari, da gishiri, wani lokaci da mastad. Abu uku kan sa a kira ta. Ko dai wani abu ya faɗa ciki a masana'anta, kamar ɓarɓashin roba ko na gilashi. Ko an sami ƙwayar cuta irin su salmonela. Ko kuma an sa wani abu da jikin wasu ba ya karɓa, kamar gyaɗa ko waken suya, aka manta ba a rubuta a jikin takarda ba. A Amurka hukumar abinci da magunguna ta kasa kiranye aji uku: na ɗaya wanda zai iya kisa ko babbar illa, na biyu wanda illarsa kan warke, na uku wanda da wuya ya cutar. A nan gida aikin na NAFDAC ne, wadda aka kafa a 1993, kuma takan fitar da sanarwarta a intanet, da Turanci, kowace da lambarta.

Kai kuwa ba daga nan za ta iso maka ba. Za ta iso maka ne ta saƙon murya a WhatsApp, daga Gwaggo, bayan ta ratsa wayoyi goma sha. A hanya sanarwar takan ƙara ƙiba. Ta fito tana magana a kan kwalba mai girma kaza, ta zubin wata kaza, ta iso tana cewa a daina cin salak, da kabeji, da karas, har da kankana tunda ita ma ɗanya ake ci. Matakin farko ke nan: ka gaida Gwaggo, ka yi mata godiya, sannan ka nemi asalin sanarwar ka fitar da abu huɗu daga cikinta, wato sunan kayan, da girman kwalbar, da lambar zubi, da kwanan wata. Ka ƙara da ƙasar da abin ya faru. A watan Afrilun 2023 hukumomin Taiwan da Malesiya sun janye wani nau'in Indomie guda saboda wani sinadari da suka gano, hankali ya tashi a nan Najeriya, NAFDAC ta ɗebi taliyar da ake yi a gida ta auna, ta ce lafiyarta ƙalau. Taliyar da aka kira a Taiwan ba ita ce ke kan teburin mai shayin layinku ba.

Mataki na biyu shi ne ka nemo kwalbar, kuma a nan za mu ɗan zauna, domin masu rubuta sanarwa sun ɗauka cewa kwalba da abin da ke cikinta tare suke rayuwa tare suke mutuwa. A Daurawa ba haka ba ne. Kirim yakan yi sati biyu, in ya daɗe. Kwalbar kuwa a ranar da kirim ya ƙare take fara aiki. Uwargida za ta jiƙa ta a ruwan zafi da omo, ta kankare takardar da wuƙa, ta kife ta a rana, washegari ta tashi a matsayin kwalbar yaji. Daga yaji takan koma daddawa, daga daddawa man shanu, in ta tsufa ta koma ajiyar maɓallai da allurai. Wata ma takan yi aure: an zuba mata yajin jego an kai gidan haihuwa a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma ba a tambayar kwalbar da aka kai barka. Wata an ba mai gwangwan an karɓi roba, yanzu haka tana wani gari ɗauke da zuma.

Saboda haka ka fito da duk kwalaben gidan ka jera su a tabarma. Kada ka yi wannan ba da izinin uwargida ba, kuma ka lura da inda ka ɗauko kowace. Ka ware waɗanda faɗin bakinsu ya yi daidai da wadda ake nema. A cikinsu ka ware masu sauran takarda. Idan babu mai takarda, kada ka karaya, domin kamfanoni da yawa ba a takarda suke buga lambar zubi ba, a kan murfi suke bugawa ko a wuyan kwalba, da ɗige-ɗigen baƙin tawada.

Sai dai murfi yana da tasa tafiyar. A gidan da kwalabe bakwai suka yi wanka a baho ɗaya, babu tabbacin kowace ta fito da murfin da ta shiga da shi. Na taɓa ganin kwalbar kirim sanye da murfin kwalbar zuma, ita ta zumar an ɗaure bakinta da leda da kyauro, shi kuma murfin kirim ɗin yana tsakar gida yara sun huda shi sun yi tayar mota. A irin wannan hali lambar tana wurin yara. Ka karɓi motar cikin lalama, ka karanta tayar, ka mayar musu.

Lambar zubi ita ce sunan tukunyar da aka dama kirim ɗin a cikinta. Masana'anta takan dama tukunya guda, ta cika dubban kwalabe, ta buga musu lamba ɗaya. Gobe ta dama wata, ta buga wata lambar. Idan roba ta faɗa tukunyar Talata, 'ya'yan tukunyar Talata kaɗai ake kira, na Laraba ba ruwansu. Za ka gan ta bayan haruffan BN ko LOT. Ka karanta ta da rana, a bakin ƙofa, ko ka haska fitilar waya ta gefe yadda ɗige-ɗigen za su fito. Ka kiyayi 8 da B, ka kiyayi sifili da O, ka kiyayi 5 da S. Ka sa wani ya riƙe sanarwar yana karantowa kai kana bi da yatsa, kamar yadda ake tilawa. Lamba goma da ta yi daidai a tara ta saɓa a ɗaya, ba ita ba ce.

Kusa da ita akwai kwanan wata biyu, ranar da aka yi da ranar da wa'adi zai ƙare, wanda 'yan kasuwa ke cewa ya yi isfaya. Idan ka ga 03/04/25, to ka duba ƙasar da aka yi kayan. Mu da Ingila rana muke fara rubutawa, wato 3 ga Afrilu. Amurkawa wata suke farawa da shi, wato 4 ga Maris. Tsakanin biyun akwai kwana talatin, kuma a cikin zafin Kano kwana talatin ba wasa ba ne ga abin da aka yi da ƙwai.

To, a ce lamba ta yi daidai. Daga nan hanya ta rabu huɗu, gwargwadon inda kirim ɗin yake a yanzu.

Idan kwalbar ba a buɗe ba, ka yi sa'a. Ka sa ta a leda ka kai wa wanda ya sayar maka. Sanarwa za ta ce ka tafi da rasit. Idan a babban kanti na titin gidan Zoo ka saya, wataƙila an ba ka, wataƙila kuma yana ƙasan aljihun rigar da aka wanke. Idan a shagon bakin layi ne, ba a taɓa yin rasit a wurin ba, kuma shi ma mai shagon katan ya ɗauko daga kasuwar Singa aka rubuta masa lissafi a bayan kwalin taba. Amma akwai wata takarda da ta fi rasit ƙarfi, ita ce littafin bashi. Wanda ya saya da tsabar kuɗi ba shi da shaida. Wanda ya ɗauka bashi kuwa sunansa na nan, da ranar, da kayan, da rubutun hannun mai shago. Idan kai ne, ka ce a buɗe shafinka. Ka sani dai cewa sauran abin da ke shafin ma zai fito.

Ka yi sallama, ka tambayi kasuwa, sannan ka ce: "Alhaji, wannan kwalbar ce hukuma ta ce a dawo da ita."

Zai juya ta, ya duba ƙasanta, ya girgiza ta kusa da kunne, ya ce: "Malam, ai lafiyarta ƙalau. Jiya ma na sayar da uku, ba wanda ya dawo."

Kada ka yi gardama a kan lafiyarta, domin ido ba ya ganin abin da ake magana a kai. Ka nuna masa sanarwar, ka nuna masa lambar, ku bi ta tare da yatsa. Idan ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa, ka sanar da shi cikin mutunci cewa dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ke da haɗari. Babban abin da kake nema a wurinsa ma ba kuɗinka ba ne. So kake ya sauke sauran kwalaben katan ɗin daga kanta, ya kira dilansa na Singa, ya kuma tuna mutum ukun nan na jiya. Zai tuna su. Mai shagon unguwa ya san wanda ya sayi ashana shekaranjiya.

Idan an buɗe an ci rabi, doka ɗaya ce: kada ka ɗanɗana don ka ji ko ya lalace. Salmonela ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta canza launi. Harshenka ba ɗakin gwaji ba ne. Kada kuma ka ce firji ya tsare shi. Firji yana rage wa ƙwayar cuta saurin haihuwa ne idan sanyinsa bai haura digiri 5 ba, ba ya kashe ta, kuma firjin da aka ɗauke wa wuta tun asuba, zuwa la'asar kabad ne mai ƙofar roba. Za ka ji wani ya ce wuta tana kashe komai. Gaskiya ne wuta tana kashe ƙwayoyi da yawa, amma salak ba ya hawa wuta, kuma ɓarɓashin gilashi ko an tafasa shi gilashi ne.

A nan zuciyarka za ta kawo maka shawara, domin an tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a zubar da abinci. Za ta ce ka ba almajirin da ke zuwa da safe, ko mai gadi, ko mai wanki. Kada ka karɓi wannan shawarar. Abin da aka ce zai cutar da ɗanka zai cutar da ɗan wani, kuma shi ɗan wanin ba shi da mai kai shi asibiti cikin dare. Kaji ma kada ka ba su, ƙwansu gidanka zai dawo.

Hanya ta uku ita ce mafi yawan faruwa, kuma ita ce sanarwa ba ta taɓa yin bayaninta ba. An riga an cinye. A ce walimar ƙanwarka aka yi ranar Asabar, aka ɗauko latas da kabeji da kokwamba daga kasuwar 'Yankaba, aka yanka a manyan bahuna biyu, aka juye kwalba shida, biyu daga ciki 'ya'yan tukunyar Talata ne. An cakuɗa da hannu har ƙasa, saboda haka babu wani ɓangaren baho da za ka ce shi ne mai laifi. An raba a robobin tafi-da-gidanka ɗari uku. Kwalbar da ake kira yanzu tana cikin mutum ɗari uku, ban da waɗanda aka kai wa gida, ban da 'yan rakiya.

Kada ka dogara da katin gayyata, domin kati ɗari aka buga. Ka nemi littafin gudummawa da ke hannun babbar yayarku, wanda aka rubuta wance ta kawo kaza, wance ta kawo kaza. Babu rajistar da ta kai shi cika a unguwar. Ka haɗa shi da bidiyon mai hoto, ka tsaya a kan duk wanda aka ɗauka da cokali a hannu. Maza kuwa ka sanar a masallacin layi bayan magariba, ka roƙi liman ya ba ka minti ɗaya. Abin da za ka faɗa gajere ne: ranar da aka ci, abin da aka ci, abin da sanarwa ta ce, da alamomin da za a lura da su. Za a yi maganarka a unguwa kwana biyu. Ka ɗauka, in kunne ya ji jiki ya tsira.

Sai lissafin kwanaki. Idan salmonela ce, takan nuna kanta tsakanin awa 6 zuwa kwana 6 bayan an ci: gudawa, zazzaɓi, murɗawar ciki, wani lokaci amai. Yawancin manya masu ƙarfi sukan warware cikin mako guda. Waɗanda za ka sa wa ido su ne ƙananan yara, da tsofaffi, da masu juna biyu, da marasa lafiya tun asali. Kafin a isa asibiti a fara ba da ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Idan aka ga jini a bayan gida ko a fitsari, ko amai ya hana ruwa zama, ko yaro ya yi laushi idonsa ya faɗa, ba a jiran gari ya waye, kuma ba kemis ake zuwa ba. Asibitin Malam yana nan kan titin Zariya. Ka tafi da kwalbar, ko murfin, ko hoton lambar. Idan kuma matsalar gyaɗa ce ko wani abin da jiki ba ya karɓa, ba ta jiran kwanaki, cikin mintuna fuska ko leɓe kan kumbura, numfashi ya yi wuya, kuma wannan gudu ake yi da shi.

Hanya ta huɗu ba ta da kwalba sam. Ka sayi kirim ɗin ne cokali biyu a wurin mai shayi, ya shafa maka a burodi, ko ƙullin leda a wurin mai kayan miya, wanda shi ma daga babban bokiti ya ɗebo. Leda ba ta da lambar zubi. A nan matakan da muka bi duk sun tsaya, kuma Kano ta riga ta ga abin da kan faru idan suka tsaya. A watan Maris na 2021, ana shirin azumi, mutane suka fara cika asibitoci suna amai suna fitsarin jini bayan sun sha abin sha da aka haɗa da garin ɗanɗano da ɗan tsami. Zuwa Afrilu kwamishinan lafiya na lokacin, Dakta Aminu Ibrahim Tsanyawa, ya ce mutum 10 sun rasu, kimanin 400 sun kwanta, wasu da ciwon ƙoda. NAFDAC ta auna ta ce abin da aka sayar da sunan ɗan tsami wani sinadarin masana'antu ne daban. Buhu aka fasa aka auna a leda, ledar ta shiga jarka, jarkar ta shiga kofuna. Ko da an so a yi kiranye, babu sunan da za a kira. Saboda haka abin da ya rage maka shi ne tambaya tun kafin ka ci: ka ce mai shayi ya nuna maka kwalbar ko bokitin da yake ɗiba. Idan yana da takarda da lambar NAFDAC da wa'adin da bai wuce ba, madalla. Idan bokitin fenti ne, ka ce a sa maka ƙwai kawai.

Saura zubarwa, idan ba a karɓi kwalbar ba. Ka juye kirim ɗin a leda, ka ɗaure, ka sa a wata ledar, ka ɗaure, yadda akuya ko yaro mai tsince-tsince ba zai kai gare shi ba. Kwalbar kuma kada ka jefar da ita da kyanta. Kwalba mai takarda da murfi lafiyayye kuɗi ce a bola, kuma akwai masu sayenta don su sake cika ta. A watan Disambar 2023 NAFDAC ta rufe shaguna masu yawa a kasuwar Eziukwu ta Aba, inda ta tarar ana ɗura jabun kaya a kwalaben kamfanoni, ana kuma goge tsohon wa'adi a buga sabo. Ka ɗauki hoton lambar tukuna. Sannan ka kankare takardar har sunan ya ɓace, ka ɗora murfin a kan turmi, ka huda shi da ƙusa wuri uku.

Kafin ka ɗaga guduma, ka sanar da uwargida. Tun ranar da kwalbar ta shigo gidan an riga an yi mata wurin zama, kuma akwai daddawar da ke cikin leda tana jiranta. Ka tanadi wata kwalbar mai faɗin baki iri ɗaya, da murfinta, ka miƙa ta da hannun dama, sannan ka huda.